Ƙullin Ƙasar Gindin Lalle

Zuwa ga mahaifiyata, Malama Zainabu, wadda unguwa ke kira Inna Abu, mu kuma 'ya'yanta muke kira Inna kawai.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye, ina fatan wurin da kike ya fi wanda kika bari yalwa da haske. Idan lafiyata kike tambaya, jiki lafiya lau. Sauran kuma shi ya sa na zauna rubutu.

Na san ba za ki karanta ba. Ko da kike raye ni ne mai karanta miki takardar asibiti da saƙon waya. A shafina zan sa wannan, inda mutanen da ba su taɓa ganin fuskarki ba za su karanta, wasu su yi miki addu'a, wasu su rubuto min cewa in gode wa Allah ai ina Amurka. Ku masu leƙe, ku leƙa, ban hana ku ba. Sunayen da za ku gani duk na sauya su, ban da nata, ita ta san wa nake nufi. Amma da Inna nake magana, ba da ku ba.

Inna, maganar ƙullin nan naki ce.

Kin tuna safiyar da zan bar Funtua? Mota tana ƙofar gida, Yaya Nasiru yana ta danna hon, ke kuma kika ɓace. Na same ki a bayan ɗakinki, tsugune a gindin lallen da ke kusa da wurin wanke-wanke, kina tonon ƙasa da gindin tsohon cokali. Kika ɗebi 'yar kaɗan, baƙa, mai danshi, har da siraran saiwoyi a ciki. Kika yagi gefen tsohon zanenki mai ruwan bula, kika ƙulle, kika cusa a aljihun ciki na jakata.

Kika ce, "In ka sauka, kafin ka sha ruwansu, ka tsunkuli kaɗan ka zuba a ciki. Cikinka ya san ƙasar nan, in ta raka ruwan ba zai ɗauke shi baƙo ba. Haka uwata ta yi min da za a kawo ni gidan nan."

Na ce mutanen da suka taka wata ne zan je wa da ƙasar bayan ɗaki? Na ce ke da kika taɓa marina ina yaro don kin kama ni ina cin ƙasa, yau ke ce mai ƙulla min ita guzuri? Kika ce, "Auta, bakin nan naka zai riga ka isa Amurka. Rufe jakar."

Ban sha ba. Ruwan nan daga famfo yake fitowa yana warin magani, na sha abina, cikina bai ce komai ba. Ƙullin ya zauna a aljihun jaka, jakar ta zauna a ƙarƙashin gado. Ban ma san dokarsu ta hana shigo da ƙasar wani wuri ba. Wa zai zauna ya yi tunanin akwai doka a kan ƙasa?

Bari in gaya miki inda nake da gaske, tunda a waya kullum ce miki nake komai lafiya. Ina Greenbelt, gidan Kawu Isiyaku, ɗan ƙanen babanki, wanda kowa a nan ke kira Dakta. Ɗakina a ƙarƙashin gidan yake, cikin ƙasa aka haƙa shi. Taga ɗaya ce, can sama kusa da rufi, daidai da ciyawar ƙofar gida. In na ɗaga kai abin da nake gani takalman mutane ne da tayar mota. Kusa da mu akwai wata babbar hanya da ta yi wa Washington zobe, Beltway suke ce mata, kullum tana gurnani kamar injin niƙa. Mota ta hau ta yi ta gudu, in ba ta sauka ba sai ta dawo inda ta tashi. Daga kan gadona nake jin ta.

Takarduna suna hannun hukuma. An ba ni izinin aiki, an ce in jira. Lauya ya yi min bayani da Turanci mai santsi, Kawu ya fassara min da Hausa mai kaushi: ina iya fita duk ranar da na ga dama, amma in na fita ƙofar ta rufe ke nan. Adireshina na Kawu ne, aikina a ƙarƙashin Kawu yake, wanda ya tsaya min Kawu ne. Ko atishawa zan yi a garin nan sai ta bi ta hancin Kawu.

Shi ya sa da aka kira aka ce kin cika, Kawu ya hau jirgi ya tafi ta'aziyya, ni na zauna. Ni na kai shi filin jirgi, ni na jawo masa jaka, ni na dawo da motarsa gida. Jana'izarki kuwa a waya na gan ta. Nan safiya ce, ina wurin aiki, na fita bayan gini da safar roba a hannu. Wani maƙwabci ya ɗaga waya sama ya nuna min makara tana tafiya a kan kafaɗun mutane, hoton yana tsayawa yana yankewa. Kafin ya dawo an riga an fara zuba ƙasa.

Damina ba ta zagayo ba Yaya Nasiru ya sare lallen. Ya malala siminti daga bakin ɗakinki har katanga, ya fasa katangar ya fitar da shaguna. Ya turo min hoto yana murna, wai gida ya yi kyau, an huta da taɓo. Na gaya masa abin da na gaya masa, ba zan maimaita a gabanki ba. Har yau ba ma gaisawa sai ta bakin matarsa.

Ranar na jawo jakar na lalubo ƙullin. Ya bushe ya yi tauri kamar tsohuwar daddawa. Duk duniya, abin da ya rage na bayan ɗakinki wanda siminti bai danne ba ke nan.

Yanzu sai in gaya miki aikina, don in ban faɗa ba ba za ki gane abin da ya faru ba. Kin tafi kina zaton a asibiti nake, tunda kin ji ana cewa Dakta. Kawu ba ya duba mutum, ƙasa yake dubawa. Yana da ɗakin bincike a wata jami'a, shi da ɗalibansa. Ana kawo musu ƙasa daga wasu tsaunuka masu nisa, can Asiya da Kudancin Amurka, inda tudu ya yi tsawon da numfashi ba ya isar mutum. Hamada ce, Inna, amma ba irin wadda muke jin labari a arewacinmu ba. Babu ruwan sama sai ɗan abin da ba a rasa ba, babu itace, sai tsakuwa da iska. Da rana hasken ya ƙone fatar mutum, rana na faɗuwa komai ya daskare. Kin tuna da kika je biki Jos kika dawo kina ba da labarin sanyi har wata guda? A wurin nan Jos ɗin kanta sai ta nemi bargo.

A cikin wannan masifa akwai wasu 'yan tsirrai masu taurin kai. Ba sa miƙewa sama, iska za ta karya su. Sai su dunƙule su manne da ƙasa kamar gammon da kike ɗora tulu. A jikin saiwarsu kuma akwai wasu halittu da ido ba ya gani, bakteriya. Kin sha jin sunan a asibiti, inda ake cewa su ne masu kawo cuta. Waɗannan ba ruwansu da cutar kowa. Tsiron yana tsatso musu wani ɗan ruwa mai zaƙi ta saiwa, su sha. Su kuma wasu su narka masa abincin da ke maƙale a cikin dutse, wasu su kamo masa taki daga iska, wasu su fitar da yauƙi irin na kuɓewa ya riƙe danshi a gindinsa. Kawu yana neman waɗanda za a iya ɗauka a sa wa alkama ko masara, ko za su taimaka musu jure sanyi da fari.

Ba wanda ya zaunar da ni ya koya min wannan. Kin san ni, tun da na bar makaranta na koma gyaran waya a kasuwa ban bar takarda ta wuce ni ba, har wadda aka naɗo ƙosai a ciki. Nan ma haka. Abin da ɗalibai suka buga suka yar ni nake kwashewa, in karanta a jirgin ƙasa da ƙamus a waya. Rabi ba na ganewa, sai in sake. Rabin da na gane kuwa ya hana ni sukuni.

Ga wanda ya tsaya min a maƙogwaro. In aka ɗebi ƙasar da ke manne da saiwa, sai a same su cunkus, kamar kasuwarmu ranar da take ci. In aka matsa kaɗan daga tsiron, inda babu inuwa babu saiwa, sai a same su ƙalilan, yawanci ma a sume. Duk faɗin hamadar nan a buɗe yake, babu katanga, babu maigadi. Amma duniyarsu ba ta wuce faɗin gammo ba. Ba wanda ya ɗaure su. Sanyi ne kawai a waje.

Da na karanta wannan a jirgi, sai na rufe takardar na yi dariya ni kaɗai har wata mata ta canza kujera. Masu rubutun suna cewa zaman taimakon juna ne, kowa na amfana. Na ce a tambayi bakteriyar tukuna.

Kada ki ce na raina alherin Kawu. Yana ciyar da ni, matarsa tana ajiye min tuwo a firij da sunana a jikin murfi. Ni kuma ina wanke motarsa, ina kai yaransa islamiyya, in yi musu Hausa su amsa min da Turanci. Ruwan zaƙi yana tsatsowa, ni ma ina narka dutse. Ba a zalunce ni ba. Wannan ne ma abin haushin, ba ni da wanda zan shaƙe.

A ɗakin binciken kuwa, ni ne mai kashewa. Doka ce: ƙasar da ta zo daga wajen Amurka da izini na musamman take shigowa, kuma ba ta fita ta ƙofar ɗakin da rai, don kada ta kai wa gonakinsu cuta. In an gama aiki da ita sai in zuba a leda, in sa a wata tukunyar ƙarfe mai kamar randa a kwance, otokilef sunanta, in kulle murfi, tururi ya dafa ta har babu abin da zai sake motsi a ciki. Halittar da ta jure ƙanƙara, ta jure ƙishi, ta tsallako teku, ƙarshenta a hannun Auta ɗan Inna Abu mai gyaran waya. In na buɗe murfin wani wari ke fitowa kamar na jiƙaƙƙen bulo da aka ƙona. Yana bin rigata har gida.

Cikin karatun nan na ci karo da maganar da ta kai ni ta baro. Wai wasu daga cikinsu, in wuri ya bushe ko ya yi sanyi, ba mutuwa suke ba. Sai su yi wa kansu ɓawo su kwanta, shekara da shekaru, ranar da ruwa ya taɓa su su farka. Na ajiye takardar na dubi ƙarƙashin gado.

Ƙasar gindin lalle ce, Inna, da saiwoyinta. Na tuna yadda ba kya yarda a watsa ruwan wanke-wanke a rariya. Sai ki ɗauki kwanon ki tafi da shi bayan ɗaki ki tsiyaye a gindin lallen, kina cewa, "Akwai masu sha a nan." Ni a lokacin na zaci lallen kike nufi. Ruwan alwalarki suka sha, da ruwan da kika dauraye hannu bayan tuƙin tuwo. Na ce ashe akwai mai rai a garin nan da ya san ki ban da ni da Kawu. Abin da nake so kawai in gani da idona. A ɗiga ruwa, a shafa a ɗan farantin da suke renonsu, a bar shi ya kwana biyu, in ga ɗigo-ɗigo sun fito. Ko ɗigo ɗaya ne.

A gida Kawu ba ya maganar aiki, kuma madubin da ake ganin halittun da shi da farantan duk suna can ɗakin bincike. Sai na sa ƙullin a aljihu ranar wata Juma'a na tafi da shi. Kin kuma san tarbiyyar da kika yi mana: ba a miƙa wa babba abu a ɓoye kamar kayan sata, ba a miƙa masa a tsaye, ba a bar shi ya yi wahalar kwancewa. Na jira ya zauna a teburin da suke aikin ƙasar tsauni, na zo na rusuna, na kwance ƙullin, na shimfiɗa a gabansa da hannu biyu. Na ce, "Kawu, saƙon Inna ne, daga gindin lallenta." Ɗalibansa suna tsaye. Cikinsu har da wata Baturiya da aka ɗora wa kula da dokar izinin nan.

Ban taɓa ganin fuskar Kawu haka ba. Zanen ya fara duba kafin ƙasar, na kuma ga ya gane shi. Ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Kai, Auta. Me ya hana ka nuna min a gida?" Sannan ya juya Turanci, muryar Dakta ta dawo, ya ce kowa ya ja baya, a rufe duk abin da ke buɗe, a kawo leda.

Baturiyar ta tambaye ni daga ina, na ce Najeriya. Ta tambayi izini, na ce uwata ce ta ba ni. Da ta ji kin rasu idonta ya kawo ruwa, kuma na yarda da gaske take. Amma ta gani, kuma aikinta ne ta faɗa. Aka sa ƙullinki a leda, aka ƙara wata, aka liƙa masa jar alama, aka kulle a firij tare da ƙasar tsauni. Aka ce Litinin a dafa.

A ofishin Kawu na sauke masa duk abin da ke bakina. Na ce ya je ya tsaya a kan kabarinki ni ban je ba, yanzu ɗan abin da ya rage min ma zai sa a tukunya. Na ce boko ya cinye masa zuciya. Na ce ashe Yayarsa ba ta kai darajar tsakuwar wani dutse da ko sunansa ba ya iya faɗa daidai ba. Ya bar ni na gama.

Ya ce, "Ka gama? To zauna, ɗan Yaya Abu. In ƙullin nan ya fita ta ƙofar can, a karɓe izinin ɗakin nan, wahalar yaran nan ta shekaru ta tafi a banza. Ajiye wannan ma a gefe. In aka ce an dafa, magana ta mutu a nan. In aka ce ya ɓace, a tambayi wanda ya shigo da shi, sunanka ya je inda takardunka suke. Kana so ka koma Funtua a haka, ka je ka kwana a shagon Nasiru?"

Na ce to a duba min kafin a dafa, faranti ɗaya kawai. Ya ce renon shi ne babban laifin, ba zai iya ba. Na ce to wani ya dafa, ba ni ba. Ya ce, "Wani zai jefa shi tare da shara. Kai ne za ka yi masa bismilla."

Inna, makullin firij ɗin yana aljihuna duk ƙarshen makon nan. Aikina ne, ni nake riƙe shi. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasa ban san inda za ni ba, na sauka a unguwar Southwest ta Washington, cikin manyan gine-ginen gwamnati da babu kowa ranar hutu. Na yi ta zagaya ina duban tagogi, ina cewa a wacce sunana yake kwance. Ban ma sani ba ko a can takardun suke. Na shirya yadda zan ɗauke ƙullin in sa wata ƙasa a madadinsa, na warware. Na shirya yadda zan ɗauke shi in hau jirgi in koma gida gaba ɗaya, sai na tambayi kaina wane gida, ɗakinki da aka mayar sito? Duk hanyar da na hau sai ta dawo da ni inda na tashi.

Daga can na wuce Landover, shagon Hajiya Memuna, wata dattijuwa 'yar zangon Kumasi da muke sayen daddawa da kuka a wurinta. Malam Takarda take kirana. Ta ga fuskata ta ce wa ya mutu kuma. Na ba ta labari, ina jiran ta taya ni zagin Kawu. Ta ci gaba da ƙulla kuka a leda. Ta ce, "Ni tawa uwar ta mutu ina tsaye a nan ina auna gari. Ban rufe shago ba, wa zan bar wa? Zauna ka ci abinci, Malam Takarda, ka samu ƙarfin yin fushin." Ta zuba min shinkafa da wake. Na ci, ina jin haushin yadda ya yi daɗi.

Litinin na riga kowa zuwa. Na fito da ledar na ajiye a kan tebur kusa da tukunyar, na tsaya ina kallonta. Sai ga Kawu ya shigo, shi da ba ya zuwa da wuri. Bai sa farar rigarsa ba. Ya tsaya kusa da ni, mu biyu muna kallon zanenki ta cikin leda.

Ya ce, "Da zan tafi karatu Turai, kakarka ta ƙulla min irinsa. Yaya Abu ce ta riƙe mata fitila tana tono." Ya ce, "Ni na sha nawa."

Wannan karon bakin bai riga ni ba.

Ya ce Baturiyar za ta zo nan gaba kaɗan ta ga an kulle murfi da idonta. Ya ce ba ta auna nauyin ƙullin ba. Ya ce yana da saƙo a ofis da zai duba. Ya juya ya fita, ya bar gorar ruwansa a ƙasa a bakin ƙofa. Shi da ya liƙa takarda a jikin ƙofar nan da hannunsa cewa ba a ci ba a sha a ɗakin, shi da ya taɓa korar ɗalibi saboda cingam.

Na cire safar roba, don ba zan taɓa ki da roba ba. Na kwance ƙullin. Na tsunkuli kaɗan kamar yadda kika ce, na murje ta a bakin gorar, na girgiza. Ruwan ya yi duhu-duhu, wata 'yar saiwa tana yawo a sama. Na tsuguna, don kin hana mu sha a tsaye. Na yi bismilla na shanye.

Ɗanɗanon bayan ɗakinki ne, Inna. Ƙanshin nan na ranar da aka yi ruwan farko, da ɗan ɗaci, da yashi a tsakanin haƙora. Ban tofar ba.

Sauran na mayar na ƙulle yadda kika ƙulla, na sa a tukunya. Baturiyar ta zo ta tsaya nesa kaɗan, hannunta a haɗe. Na kulle murfi, na yi bismilla, na danna. Tururi ya tashi. Wannan ne karo na farko da ban fita na bar injin yana aiki ba, na tsaya har ya gama.

Da ya huce ta ce tunda ya dahu doka ba ta da sauran magana a kansa, in ina so in ɗauka. Zanen ya fito a jiƙe, bular ta zuba, ya koma fari-fari. Da yamma na tona ɗan rami a cikin ciyawa, daidai bakin tagata, na zuba ƙasar na rufe da hannuna. Wannan jana'izar dai na same ta. Zanen kuma yana aljihun rigata.

Ku masu leƙe, na san cikinku akwai ɗan boko da ya fara rubuta min cewa ruwan ciki yana kashe yawancinsu. Na sani, na karanta kafin kai. In kuma akwai mai son kai ƙara, sai ya zo ya tace hanjina.

Ban sani ba ko akwai mai rai a ƙullin, Inna, kuma ba zan taɓa sani ba. Wannan ne abin da aka ƙwace min, ban kuma yafe wa kowa ba tukuna, har da kaina da na kwance shi a kan tebur. Amma wani lokaci in na kwanta ina jin Beltway tana gurnani, sai in ɗora hannu a cikina. In akwai ɗaya da ya tsira, to ya farka a wuri mai duhu, mai ɗumi, inda abinci ke zuwa masa ba tare da ya nema ba, kuma ba shi da hanyar komawa inda ya fito. Na san yadda yake ji. Nakan ce masa sannu da zuwa, ka yi haƙuri da masauki, ni ma a nan aka ajiye ni.

Takardun ba su fito ba. Lauya ya ce a jira. Gobe akwai ƙasar wani tsauni da zan dafa. Ni da Kawu ba mu sake tayar da maganar ba, sai dai jiya ya sauko ɗakina, abin da bai saba ba, ya tsaya ya daɗe yana duban taga, ya ce a gaya wa mai yankan ciyawa ya riƙa kauce wa wajen nan.

Kin ce in sha in na sauka. Na yi latti, amma na sha, Inna. Ki daina damuwa da cikina.

Allah Ya jiƙan ki, Ya yafe miki, Ya sa ƙasar da ke kanki ta yi miki sauƙi kamar yadda kika sauƙaƙa wa duk abin da ya zauna a inuwarki, wanda ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya shayar da ke kamar yadda kika shayar. Ya sanyaya min bakin nan da kika yi ta fama da shi. Ya haɗa mu a inda ba a tambayar kowa takarda. Amin.

Naki har kullum,
Autanki mai baki,
daga ɗakin ƙasa, Greenbelt.